Tabarau na masu harbin gasa: marfin ido ya ci kuɗinsa, tagar haske kuwa sai a yi hattara

Waɗanda suka kalli harbin ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10 a gasar Olamfik ta Paris a 2024 sun ga salo biyu da suka sha bamban. Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta fito sanye da wani tabarau mai siraran ƙarafa, da gilashi guda a gaban idon da take saiti da shi, da ɗan marfi a gaban ɗaya idon. Yusuf Dikec na Turkiyya kuwa ya tsaya da tabaransa na yau da kullum, hannu ɗaya a aljihu, idanunsa biyu a buɗe, kuma kowannensu ya koma gida da lambar azurfa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa ɗaya tana harbi da ido ɗaya ne, ɗayan kuma da idanu biyu, alhali marfin nan an ƙera shi ne domin idon da ke bayansa ya zauna a buɗe. Irin wannan tabarau nake amfani da shi a ƙungiyar maharba da nake zuwa a nan Jamus, inda doka ta yarda wanda ya kai shekara 18 ya mallaki bindigar iska mai ƙaramin ƙarfi ba tare da lasisi ba, kuma a kansa zan yi wannan sharhi.

Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi, irin su Knobloch da Gehmann na Jamus da Champion na Suwizalan, duk tsari ɗaya suke bi. Akwai doguwar sandar ƙarfe da ke ratsa goshi, da hannuwa biyu masu lanƙwasawa a bayan kunne, da madogarar hanci wadda ake ɗagawa ko a saukar. A jikin sandar ake rataya zoben gilashi, wanda masu ƙaramar bindiga suka fi ɗaukar mai faɗin milimita 37, sannan marfin ɗaya idon, sannan tagar haske, wato ƙaramar ƙofa mai buɗewa da tsukewa da ake leƙawa ta cikinta, ga mai buƙata. Kowane ɗaya daga cikinsu yana matsawa hagu ko dama, sama ko ƙasa, kuma ana iya karkatar da shi, sai a ɗaure da ƙananan notuna. Firam ɗin kaɗai ya haura Yuro 100, kuma zoben fayau yake zuwa, domin gilashin sai an je wurin mai gwajin ido an yanka.

Kafin a gane amfanin marfin sai an san abin da ido yake fama da shi a lokacin saiti. Abubuwa uku ne a jere a gabansa, wato saitin baya mai tsaga, da saitin gaba da ke bakin bindiga, da baƙin da'irar da ke jikin takardar da ake harbi a can mita 10, kuma ido ba ya iya ganin ukun tar a lokaci guda. Ƙa'idar da kowane mai horarwa yake maimaitawa ita ce a tsayar da gani a kan saitin gaba, a bar da'irar ta yi dishi-dishi. Lissafin da ke bayan wannan ƙa'ida mai sauƙi ne. Tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba a bindigar gasa kusan santimita 35 ce, saboda haka idan saitin gaba ya kauce daga tsakiyar tsagar da rabin milimita kacal, ƙwayar dalmar da bindigar ke harbawa za ta kauce da kusan milimita 14 a jikin takarda, alhali zoben maki goma gaba ɗayansa milimita 11.5 ne, wato bai wuce maɓallin riga ba.

To, mutumin da ya buɗe idanu biyu ya tsayar da su a kan saitin gaba zai ga da'irar ta zama biyu, idan kuma ya mayar da su kan da'irar sai ya ga bindigar ta zama biyu. Wannan ba ciwo ba ne, haka idanu suke aiki. Wanda idonsa guda ya rinjayi ɗayan sosai, ko wanda ya shafe shekaru yana atisaye, ƙwaƙwalwarsa tana watsar da hoto na biyu ba tare da ya sani ba. Sauran jama'a kuwa abin da suke yi shi ne su runtse ido ɗaya, kuma a harbi biyar ko goma ba za su ga illar hakan ba. A gasar da ake yin harbi 60 cikin minti 75, da hannu ɗaya a miƙe riƙe da bindigar da ta kai kusan kilo guda, illar tana fitowa fili: naman fuska yana gajiya, fatar idon da ke buɗe tana fara rawa tana saukowa, kuma da yake ƙofofin hasken idanun biyu tare suke buɗewa tare suke tsukewa, duhun da aka jefa ido ɗaya a ciki yana sa ƙofar ɗayan ta ƙara faɗi, sai kaifin ganin saitin ya ragu.

A nan ne marfin ya nuna darajarsa. Nawa farar roba ce mai dusashe gani, wadda haske yake ratsawa amma siffa ba ta ratsawa, don haka idon hagu yana buɗe yana samun haske daidai da na dama, sai dai ba ya ganin bindiga balle ya kawo hoto na biyu. Fuska tana sakewa, goshi ba ya tattarewa, kuma saitin gaba yana tsayawa guda ɗaya, baƙi ƙirin, da siririn haske daidai wa daida a gefensa biyu. Ana sayar da baƙin marfi ma, amma ban ga dalilin sayensa ba, tunda yana dawo da rabin matsalar da aka gudo. Marfin yana ɗagawa sama a kan ɗan maƙalinsa, wanda ke da amfani lokacin cusa ƙwayar dalma mai milimita 4.5 ko duba allon maki. Mai niyyar shiga gasa ya lura cewa dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ba ta yarda faɗinsa ya wuce milimita 30 ba, kuma akwai masu faɗi a kasuwa waɗanda alƙali zai sa a cire.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne yadda zoben gilashin yake juyawa. Mai harbi da hannu ɗaya a karkace yake tsayawa, kafaɗarsa tana fuskantar abin da yake harbi, don haka idan tabarau na yau da kullum ne a fuskarsa, ta gefen gilashin yake leƙe, inda gani ba ya da kyau. A wannan firam ana kawo tsakiyar gilashin daidai layin saiti, a tsayar da shi a miƙe. Ga wanda ya haura shekara 40, wanda ganin kusa ya fara yi masa wuya, mai gwajin ido yakan ɗan ƙara ƙarfin gilashin domin ganin ya faɗa a kan saitin gaba maimakon nesa. Shawarata ita ce a auna tazarar da ke tsakanin ido da saitin gaba a tsaye kamar ana harbi, a tafi da wannan awo, domin shagon da na fara zuwa gilashin karatu suka yanka mini, wanda ke nuna agogon hannuna tar amma bakin bindiga ya ɓace a hazo.

Tagar haske ce ban gamsu da ita ba. Ƙaramar ƙofa ce mai buɗewa da tsukewa da ake maƙalawa a jikin gilashin, kuma idan aka tsuke ta saitin baya da na gaba da da'irar duk suna fitowa kusan tar. Sabon maharbi yakan ji daɗin haka ƙwarai, amma da zarar da'irar ta fito sarai sai ido ya gudu zuwa gare ta ya bar saitin gaba, sai kuma yatsa ya fara fizgar kunamar bindiga a daidai lokacin da mutum ya ga kamar komai ya daidaita. Ƙari ga haka tana rage haske, tana kuma ƙara nauyi a kan hanci. Inda na ga amfaninta shi ne wajen tilasta kai ya dawo wuri ɗaya a kowane harbi, da kuma filin waje mai tsananin rana. Wanda ke harbi a ɗaki mai daidaitaccen haske zai iya ajiye kuɗinta.

Daidaita firam irin wannan yana cin lokaci, kuma da wuya mutum ya yi shi shi kaɗai, sai ya tsaya yana saiti wani yana matsar masa da zoben. Notunan ƙanana ne ƙwarai, suna buƙatar a riƙa duba su. Muhimmin abu kuma, wannan ba tabaran kariya ba ne: gefensa a buɗe yake, ba zai tare kwanson harsashi ko ɓarɓashin dalma ba. Haka nan bai dace da ɗan sanda ko soja ko mai gasar harbi cikin gudu ba, domin su suna buƙatar ganin abin da ke gefensu da kuma tantance nisa, kuma marfin yana cinye wani ɓangare na duka biyun.

Kafin a fitar da kuɗi, ya kamata mutum ya san idonsa mai rinjaye. Ya miƙe hannuwa biyu ya haɗa su ya bar ƙaramar kafa, ya kalli wani abu mai nisa ta cikinta, sannan ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya tsaya a cikin kafar da shi, shi ne mai rinjaye. Mafi yawan mutane idon dama ne ke rinjaye, amma akwai masu amfani da hannun dama waɗanda idon hagu ke rinjaye, kuma su ne suka fi kowa cin moriyar marfin, tunda yana ba su damar saiti da idon dama ba tare da murɗa wuya ba. Daga nan ya manna ɗan farin salatif mai dusashe gani a gilashin tsohon tabarau, daidai gaban idon da ba ya saiti da shi, ya yi atisaye da shi na wasu makonni. Idan gajiyar fuska ta ragu kuma ramukan da ke takardarsa suka fara haɗuwa wuri guda, to ya sayi firam da farin marfi da zoben milimita 37, ya ware kuɗin gilashi mai kyau, ya bar tagar haske sai ranar da mai horar da shi ya ce yana buƙatarta.