Kwas ɗin sanin wuski a Edinbara: malamar ta iya aiki, masu shirin kuwa sun ci kuɗina

Otal ɗin da nake aikin kai abinci a Edinbara yana cika da baƙin da ke son a yi musu bayanin wuskin Sikotland, ni kuwa ba na shan giya, shi ya sa na biya kuɗin kwas na masu fara koyo. Na shiga da fargabar za a matsa mini in ɗanɗana, amma da na faɗa wa malamar matsayina sai ta ce hanci ya isa, ta tura mini kofi mai tsukakken baki, ta nuna mini yadda ake sansanawa daga ɗan nesa don kada ƙarfin giyar ya doki hanci.

Bayaninta ya zauna mini. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, kamar yadda masu burukutu ke yi wa dawa, a busar, a niƙa, a jiƙa da ruwan zafi, a zuba yis, sannan a dafa ruwan sau biyu a tukwanen jan ƙarfe ana tara tururinsa. Dokar 2009 ta hana a kira shi Scotch sai ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangar itacen oak a Sikotland, ƙarfinsa kuma bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Idan kwalba ta ce shekara 12, wannan shekarun mafi ƙuruciya ne a cikin abin da aka haɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kofin wuskin tsibirin Islay na Sikotland. Ta miƙo mana dunƙulen baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓen ciyayi wadda ake ƙonawa don busar da sha'ir, na murza ta a tsakanin yatsuna, sannan na sansana kofin, sai ga ƙaurin hayaƙi da warin magani irin na ɗakin asibiti. Da ta ɗiga ruwa kaɗan a ciki, ƙaurin ya lafa, wani ƙamshi mai zaƙi ya taso daga ƙarƙashinsa. A lokacin na riga na yanke cewa zan tura abokan aikina.

Sai dai takardar talla ta yi alkawarin darasi a kan wuskin gauraye, wato wanda ake haɗa na masana'antu daban-daban, kuma shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa, irin su Johnnie Walker da Chivas Regal da baƙinmu ke nema kullum. Lokacin wannan darasi yana zuwa wani ma'aikaci ya leƙo ya ce a tashi, aka kora mu kantinsu, aka ɓata sauran lokacin ana yi mana tallan kwalabe masu tsada. Da na yi magana sai aka ce in duba shafinsu na intanet. Bambancin wuskin gauraye da bourbon, wuskin Amurka wanda dole masara ta kai kashi 51 a cikinsa, a tsaye malamar ta faɗa mini a bakin ƙofa tana ba ni haƙuri.

Takardar shaidar da suka ce za su aiko har yau ban gan ta ba, kuma saƙonnina ba a amsa su. Cikakken kuɗi na biya alhali ko ɗigo ban sha ba, rabin abin da na je nema kuma a wurin mai kula da mashayar otal ɗinmu na ƙarasa koyonsa.