Trang An ko Tam Coc: wanne ya dace da mai yini ɗaya a Ninh Binh?

Alhaji, ka ce za ku je Hanoi ta ƙasar Biyetnam a watan Nuwamba kai da Hajiya, yini ɗaya tak kuke da shi na hutu, kuma Hajiya ba ta shiri da hawan matakala. Masu shirya yawon buɗe ido sun ba ku zaɓin shiga kwale-kwale ko a Trang An ko a Tam Coc, kana son sanin wanne ya fi, da ko za a iya haɗa su a rana guda. A Nuwamba dai Trang An za ku je. Haɗa su kuwa ana yi, amma wajen awa biyar ke nan a kan bencin kwale-kwale, ban da zaman mota zuwa da dawowa, kuma bayan Hajiya ba zai gode maka ba.

Wuraren biyu maƙwabtan juna ne a lardin Ninh Binh, kudu da Hanoi, tafiyar kamar awa biyu a mota. Dukansu suna cikin yanki ɗaya da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Dutsen ma iri ɗaya ne, dutsen farar ƙasa wanda ake siminti da shi. Ruwan sama ne ya yi ta cin sa shekaru aru-aru, ya bar tsaunuka tsaye ɗai-ɗai, ya huda gindinsu, kogi ya bi ta cikin hudar. Shi ya sa a hoto da wuya ka bambance su. Sai an zauna cikin jirgin ake ganin ba ɗaya ba ne.

Tam Coc tafiya ce miƙaƙƙiya. Ana tashi daga ƙauyen Van Lam, a bi kogin Ngo Dong, a ratsa kogwanni uku, a juyo ta inda aka bi. Kogon farko shi ne babba, mita 127. Sauran biyun ba su wuce mita 60 da 50 ba, kafin idonka ya saba da duhu har kun fito. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu an gama. Abin kallon a can gonakin shinkafa ne da ke kwance dama da hagu har bakin ruwa, sai kuma matuƙan, waɗanda yawancinsu mata ne manoman yankin. Da ƙafa suke tuƙi. Za ka ga mace ta jingina da baya, ta ɗora tafin ƙafa kan kowane filafili, tana turawa tana janyewa, hannu ɗaya riƙe da lema, ɗayan wani lokaci da waya, jirgin kuma bai kauce ko kaɗan ba. Wannan kam ya isa kallo.

Matsalar ita ce kyan Tam Coc na da lokaci. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni shinkafar ke nuna, kwarin gaba ɗaya ya koma ruwan ɗorawa, kuma duk hotunan da aka nuna maka a lokacin aka ɗauke su. A Nuwamba an daɗe da girbi. Ruwa ne da laka da agwagi. Duwatsun na nan, amma abin da ya sa ake fifita wurin ba ya nan.

Trang An kuwa bai dogara da gona ba. Ruwa ne garai-garai da kake hango ciyawar ƙasansa, yana kewaya tsakanin tsaunuka, kogo ya fitar da kai wani kwari da ba shi da wata ƙofa sai wani kogon. Mutum huɗu ake ɗauka a jirgi, kowa da rigar hana nutsewa, tafiyar kuma awa biyu da rabi zuwa uku. Idan ku biyu ne za a haɗa ku da wasu, sai dai ka biya kuɗin sauran kujerun. A tasha ake zaɓar hanya. Akwai mai ratsa kogwanni tara, akwai kuma mai kogwanni kaɗan wadda ke bi ta kogon Dot, mai tsawon kusan kilomita ɗaya. A cikin irin wannan kogon rufin yakan sauko har sai matuƙiya ta yi magana kowa ya sunkuya, goshi kusan kan gwiwa, tsinin dutse na wucewa dab da ƙeya, ruwa mai sanyi na ɗiga a wuya. An ja wutar lantarki, ƙwayaye nan da can, don haka ba duhu ne ƙirin ba. Duk da haka in Hajiya na jin ƙunci a matsattsen wuri, ka gaya mata tun a waje, don in an shiga ba a juyawa.

Kan wuraren bauta ma Trang An ya yi gaba, domin jirgin da kansa ke sauke ka a bakinsu. A Tam Coc sai an sauka daga jirgi a nemi keke ko mota zuwa wurin bauta na Bich Dong, wanda aka gina hawa uku a jikin dutse, na tsakiyar rabinsa cikin kogo. Yana da kyau ƙwarai, amma matakala ce tun daga ƙasa har sama. A Trang An, hanyar kogwanni tara tana tsayawa a Den Tran, shi ma sai an hau matakala fiye da ɗari, sannan Phu Khong, inda ake ba da labarin fadawa bakwai da suka binne Sarki Dinh Tien Hoang suka kashe kansu don kada a san inda kabarin yake. Hanyar kogon Dot tana sauke mutane a Suoi Tien da Vu Lam, inda sarakunan gidan Tran suka yi sansani a ƙarni na 13 lokacin yaƙinsu da Mongol. Waɗannan biyun a fili suke, ba hawa mai wahala, don haka ita na zaɓar muku.

Sai dai kada kalmar “tsohon wurin bauta” ta ruɗe ka. Wuraren tsofaffi ne, amma gine-gine da yawa a Trang An sabunta su aka yi kwanan nan; katakon na sheƙi. In tsufa na gaske kake so, ka ce direba ya tsaya a Hoa Lu, mintuna kaɗan daga tashar. Nan ne babban birnin ƙasar daga 968, lokacin da Dinh Tien Hoang ya haɗa kan yankin, har 1010 da Sarki Ly Thai To ya mayar da fada Thang Long, wato Hanoi ta yau. Ɗakunan tunawa da Dinh Tien Hoang da Sarki Le Dai Hanh, wanda ya yi mulki bayansa, ginin ƙarni na 17 ne, ginshiƙan sun yi baƙi da hayaƙin turare. Mutanen wurin na kunna turare suna sunkuyawa. Ba mai cewa baƙo ya yi, suturar mutunci kawai ake nema, wadda ku dama da ita kuke tafe.

Akwai kuma batun takura. A ƙarshen kogo na uku a Tam Coc wasu jiragen 'yan talla na jira, su matso su ce ka saya wa matuƙiya lemo ko biskit, a farashin da ya ninka na kanti. A hanyar dawowa wata matuƙiyar kan buɗe akwati ta fito da kayan saƙa da surfani, sana'ar Van Lam ke nan. Neman halal ɗinsu suke yi, ban ga laifinsu ba, amma kana tsakiyar ruwa ba inda za ka kauce. Trang An an tsare shi: tikiti, layi, jirgi, babu talla a kan ruwa. A duka biyun ka riƙe ɗan canji na ihsani ga matuƙiya. Awa uku tana ja da ƙarfinta. Akwai ƙananan filafilai a jirgin Trang An, in ka taya ta za ka ga ta saki fuska.

Ku bar Hanoi da sassafe ku riga manyan motocin 'yan yawo isa, kuma in da hali ku kauce wa Asabar da Lahadi. Nuwamba ba zafi sosai, amma a ɗauki hula da ruwan sha, jirgin ba rumfa. Idan an kwana ana ruwa mai ƙarfi, a kira a tambaya kafin a taso, domin in kogi ya cika rufin kogwannin kan yi ƙasa har a dakatar da jirage. Masallacin Al-Noor yana titin Hang Luoc a Hanoi. A Ninh Binh darduma za ku riƙe.

Abincin da ake alfahari da shi a lardin naman akuya ne da com chay, wato ƙanzon shinkafa da aka busar aka soya. Akuyar ba yankan Musulmi ba ce, ƙanzon kuma sau da yawa ana barbaɗa masa dambun naman alade. Ku tambaya kafin ku ci, ko ku yi guzuri daga gidajen abincin halal na Hanoi.