Gargaɗi kan dillalin tiyatar zuciya da ya cuce mu

Wallahi har yanzu jikina rawa yake. Tarin shekara huɗu, jama'a. Shekara huɗu ina ƙulla kuɗin nan, dillalin nan da ya ce zai haɗa mu da asibitin da za a yi tiyatar ya kwashe su, sau uku na tura masa.

Umma ce ba lafiya. Bawul ɗin hagu na zuciyarta, wanda likitoci ke kira mitral, ba ya rufuwa da kyau, jini sai ya riƙa komawa baya, ruwa ya taru a huhu. Filo uku take jerawa kafin ta samu barci, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likitanmu ya ce maganin fitsarin da take sha ruwan kawai yake ragewa, yoyon kuwa sai tiyata.

Kada wanda ya ce min sakaci na yi. Mutumin ya san abin. Shi ya yi min bayanin zoben da ake ɗinkawa a bakin bawul ɗin don a tsuke shi. Shi ya ce gyara ya fi canji, tunda wanda aka sa wa na ƙarfe zai sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwarsa. Kuma gaskiya ne! Ya ce, "Ɗan uwa, Umma uwata ce, gyara za a yi mata, na ɗaukar maka alkawari." Maganar nan ita ke hana ni barci. Na ɗaukar maka alkawari. A ranar na tura kafin alƙalami. A'a, na biyun ne na tura ranar, na farkon tun kafin ya turo takardar asibitin mai tambari. Na ukun wai kuɗin injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata.

Da na kai wa likitanmu takardar, tambaya ɗaya ya yi min: dillalin ya taɓa neman hoton eko na Umma, wato hoton da ke nuna yadda zuciya ke aiki? Bai taɓa ba. Ya ce babu likitan tiyatar da zai yi alkawarin gyara bai ga eko ba. Na kira asibitin da kaina, ba su san shi ba, ba su da sunan Umma. Lambarsa a kashe. Tarin shekara huɗu.

Rasit ukun da hotunan hirarmu suna hannuna, zan ɗora su duka. Ku kira asibiti da kanku, kada ku tura kuɗi asusun mutum.

Umma ba ta sani ba. Jiya ma sai da ta tambaye ni ko an sa ranar tafiya.