Bandirin da muka sayo a Kasuwar Kurmi

Majalisinmu na zikiri ba babba ba ne, daren Juma'a muke haɗuwa a zauren malam, kuma bandiri ɗaya ya ishe mu. Wanda muka sayo a Kasuwar Kurmi ta Kano na fatar akuya ne, katakon ba nauyi, hannu ba ya gajiya ko an kai tsakar dare.

Abin da ya sa nake yabonsa shi ne ba ya danne murya. Amonsa ƙasa-ƙasa ne, mai kauri. Idan aka shiga anfasu, inda numfashi da ambaton Allah ke tafiya tare, shi ke riƙe mu kada wani ya riga wani. Akwai dattijo a cikinmu mai fama da rashin barci. Ya ce daren zikiri ne kaɗai ƙirjinsa ke sakewa. Na yarda da shi, ni ma haka nake ji.

Aibinsa damina. Fatar takan saki, sai an gasa ta a bakin garwashi kafin ta yi magana. Ƙusoshin gefe kuma sun fara tsatsa da wuri. Mai saye ya buga shi a shagon, ya duba fatar a haske ko akwai huji.