Manhajar geocaching ta kai ni ƙarƙashin tsohuwar gada

Ƙanena ne ya sa min manhajar geocaching a waya. Wasa ne da aka fara a Amurka a shekarar 2000: wani ya ɓoye 'yar roba da takarda a ciki, ya saka lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka bi taswira har ka gano ta, ka rubuta sunanka, ka mayar inda take. A kewayen Jos ɓoyayyun kayan ba su da yawa, don haka wanda na ga an ajiye kusa da wata tsohuwar gadar dutse ta wajen Bukuru na nufa ranar Asabar.

Taswirar ta kai ni bakin rafin ba ɓata. Daga nan kibiyar ta fara rawa, ta ce gabas ta ce yamma, domin GPS na waya yakan kauce da 'yan mitoci. Sai da na karanta ɗan hasken da mai ɓoyon ya bari na daina zagaye.

Gadar ce ta riƙe ni. Daga sama ba ka ganin komai, sai ka sauka ƙasa. Duwatsu ne da aka sassaƙe aka jera su baka guda, kowanne na danne ɗan'uwansa, na tsakiya can sama ya kulle su, nauyin ya gangara gefe biyu zuwa gindi. Nan take na tuna bakan gizon masallacin Zariya da aka kwaikwaya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na nan Jos, sai dai wancan laka ce da azara. Na fi minti ashirin ina shafa dutse, na ma manta abin da ya kawo ni.

Wani dattijo mai ban ruwan kabeji ya ƙura min ido.

"Samari, lafiya kake leƙe-leƙe a ƙarƙashin gada?"

"Lafiya lau, Baba, wasa ne na waya."

Bai gamsu ba sai da na gano robar a wani rami na buɗe ta a gabansa. Gaskiyarsa ne, a garin nan mutum riƙe da waya yana cusa hannu a ramin gada abin tambaya ne, kuma manhajar ba ta san da wannan ba. Ka fara gaida mutanen wurin, ka je da rana, kada ka je da damina.

Takardar ta jiƙe, da ƙyar biro ya kama. Tauraro huɗu na ba manhajar cikin biyar.