Katakon Sida da Tagogin Gidanmu na Bauchi

Assalamu alaikum, Yaya. Tun da ka sanar da ni cewa ginin Fadaman Mada ya kai matakin sa tagogi, na ga ya kamata in rubuto maka abin da na lura da shi a nan birnin Bankuba na ƙasar Kanada game da ƙyauren taga da labulen katako, kafin ka biya kuɗin alminiyum da gilashi.

Katakon da aka fi yabawa a wannan yanki shi ne jan sida, bishiyar da ke girma a gaɓar tekun Fasifik, wadda lardin British Columbia ya ɗauke ta a matsayin bishiyarsa ta alama a 1988. Da ita mutanen asalin yankin suke sassaƙa kwalekwale da ginshiƙan gidajensu tun kafin zuwan Turawa. Darajarta tana cikin ƙwaryar itacen, inda Allah ya sanya wani mai na halitta da ke hana ruɓa da funfuna, shi ya sa ƙyauren sida yake shan ruwan sama tun daga Oktoba har Maris, shekara da shekaru, bai lalace ba. Ga shi kuma ba nauyi: busasshensa bai wuce kilo 400 a kowace mita kubik ba, alhali maɗacinmu ya kusa ninka hakan, don haka hinji ba ya gajiya, ƙyaure ba ya sunkuyawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yake riƙe siffarsa. Ka san halin ƙofofinmu na gida, waɗanda suke kumbura da damina har sai an sa kafaɗa kafin su rufu, idan hunturu ya shigo kuma su tsuke su bar kafar da ƙura ke bi. Sida kaɗan yake motsawa tsakanin laima da fari, kuma wannan ne ya sa ake iya yanka shi siraran fallaye, a jera su a taga ta yadda mutum zai karkata su da hannu ɗaya, iska ta shigo, rana ta tsaya a waje, wanda ke wucewa kuma bai ga cikin ɗaki ba. Ga gidan da ke da iyali wannan sutura ce babba. Haka nan katako ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, kuma duk wanda ya taɓa tagar ƙarfe da azahar a watan Afrilu a Bauchi ya san abin da nake nufi.

Sai dai yana da raunin da masu sayarwa ba sa saurin faɗa. Yana da laushi, ƙaramin bugu yana bar masa tabo. Rana tana mayar da jan launinsa toka-toka idan ba a sabunta masa mai bayan 'yan shekaru ba, ƙusar ƙarfe ta yau da kullum tana baƙanta shi, ƙurarsa kuma tana jawo wa kafintoci ciwon asma idan ba su rufe hanci ba. Batun gara kuwa, ba zan ba ka shawarar ka dogara da ƙamshinsa kaɗai ba, domin garar ƙasarmu ba ta da sauƙi.

Ta fuskar aiki, a nan kamfani ne yake turo ma'aikaci ya auna kowace taga, ya ba ka farashi a rubuce tare da takardar garanti, sannan ka jira makonni. Kuɗin hannu yana da tsada ƙwarai, kuma idan falle ɗaya ya karye sau da yawa sai an sake yin oda. Kafintanmu na gida ya fi su sauri da sauƙin kai, zai zo ya gyara maka a yini guda. Inda suka fi mu shi ne busar da katako a ɗakin zafi kafin a taɓa shi da zarto, mu kuwa ɗanye ake saye a kasuwar katako a hau aiki, daga baya a ɗora wa kafinta laifi.

Saboda haka ban ga hikimar ɗauko sida daga Kanada zuwa Legas, sannan a hau mota da shi har Bauchi ba, domin kuɗin jirgi da na kwastan za su cinye amfaninsa. Ka sayi maɗaci mai kyau tun yanzu, a jera shi a inuwa da tsinke tsakanin kowane falle har ya sha hunturu guda, a shafe shi da maganin gara, a yi fallayen sirara saboda nauyi, a sa hinji uku maimakon biyu. Zan turo maka hotuna da awo ta WhatsApp domin ka nuna wa kafinta, ku fara gwadawa da tagogin ɗakin Hajiya da ke fuskantar yamma. A gaishe min da ita da yara.