Kwana biyu a Damagaram kafin ka kama hanya: me za ka zaɓa?

Mutane da yawa suna yada zango a Damagaram ne kan hanyarsu ta zuwa Agadas, ko Yamai, ko Kano, sai su ƙare kwanakin a masauki suna jiran mota. Ina jin takaicin wannan, don garin da ya riƙe babban birnin Nijar har zuwa 1926 ya fi ƙarfin a wuce shi ido rufe. Amma kwana biyu ba su da yawa, dole mutum ya zaɓa, kuma shawarata ita ce ka fara duba ranar da ka sauka.

In Alhamis ta same ka a gari, ka ba Kasuwar Dole safiyarka. Ranar ce take cika, mutanen ƙauyuka su shigo da dabbobi da hatsi da kanwa. In kuwa Lahadi ce, Mirya ta fi: kilomita 20 ne ko ƙasa da haka daga gabas, kasuwarta na ci ranar, kuma tukwane da randunan matan garin sun yi suna tun da daɗewa. Sai dai tukunya ba abokiyar doguwar tafiya ba ce, ka saya in gida za ka koma kai tsaye.

Akwai masu cewa a je Gidimuni, wajen tafki da garake da itatuwan dabino, a kan hanyar Gure. Wuri ne mai sanyaya rai, amma kusan kilomita 70 ne, zai ci maka yini sukutum, kuma kana buƙatar mota ta kanka ko shata. Mai kwana uku ya je. Mai kwana biyu, Mirya ta ishe shi.

Abin da ba na yarda a bari shi ne Birni, tsohuwar unguwar cikin gari. Nan fadar Sarkin Damagaram take, da babban masallaci, da lunguna masu gidajen ƙasa waɗanda aka yi wa zane a fuskar zaure, ga manyan duwatsu tsaye tsakanin gidaje kamar an jera su da hannu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye garin da ganuwa, har ana ƙera igwa a cikinsa. A nan kuma aka kashe Kyaftin Kazmaju na Faransa a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka dawo da yaƙi a 1899. Wanda ya san wannan, in ya tsaya ƙofar fada yana ganin dogarai da jajayen riguna, kallon ya bambanta. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, da ƙafa. Kabu-kabu ko adaidaita ta kai ka bakin unguwa, sauran sai takawa. Ka gaida dogarai, ka ce musu, “Ranku ya daɗe, baƙo ne ni, ina son ganin fada,” za su nuna maka inda aka yarda a shiga. Kada ka ɗauki hoton mutum ko ƙofar gidansa ba ka tambaya ba. Samun ɗan unguwa ya raka ka ya fi yawo kai kaɗai, ku dai yi jinga tun kafin a tashi.

Zango kuma unguwar fatake ce ta dā, inda ayari ke sauka. In lokaci ya ƙure, Birni a gaba, Zango in an samu sarari. Mai son kayan fata, jaka ko takalmi ko fulo, ya nemi dukawa a inda suke aiki, ya shinshina fatar, ya ja ɗinkin ya ga ƙarfinsa.

Batun abinci, ka raba shi biyu. Akwai na ci nan take: fura da nono da rana, dambu da zogale, tuwo da miyar kuka in dare ya yi, da balangu mai zafi wajen mahauta bayan magariba. Wannan kada ka sa shi a jaka, zafin Damagaram ba ya barin nono ya kwana. Sai na guzuri, kuma a nan takara tsakanin kilishi da alkaki take. Kilishi mai kyau busasshe ne, sirara, ana karya shi ya yi ƙara. In ya yi laushi ko maiƙo ya jiƙa takardar, ba zai kai ka nesa ba. Ka ce, “Malam, ɗan ba ni in ɗanɗana,” ba wanda zai hana ka. Alkakin Damagaram kuwa, na alkama da zuma ko sukari, shi ne tsarabar da iyali suka fi jira, kuma ya fi kyau a yi saƙonsa wajen matan da ke yi a gida kwana ɗaya kafin tafiya. In kuɗin ɗaya gare ka, ni alkaki zan ce, don kilishi ana samunsa a Maraɗi da Yamai ma.

Ruwan sha kuma ka tanade shi tun dare, ka kuma tambayi mai masauki ko famfo na zuwa kafin ka biya kuɗin ɗaki.